Kuskuren na ofishinmu ne, oga kuma ya ce in kawar da kai

Assalamu alaikum Malam. Shekarata huɗu ina aiki a wani kamfanin binciken kuɗi, kuma bana ne karon farko da aka ba ni jagorancin masu duba littattafan wani kamfani mai masana'anta. Shekara shida ke nan muna yi musu bincike. Bara sashenmu na ba da shawara ya karɓi ayyuka biyu a wurinsu: ya kafa musu sabuwar manhajar lissafi, ya kuma ƙiyasta musu darajar injuna da gine-ginensu. Abin da suka biya a kan waɗannan ya ninka kuɗin bincike kusan sau uku. Da na zagaya masana'antar sai na tarar da layin injuna guda an lulluɓe shi da tamfol, ƙura ta kwanta a kai, mai kula da wurin ya ce wata goma sha huɗu rabon da a kunna shi. A takardar ƙiyasin da abokan aikinmu suka rubuta kuwa, an yi masa kuɗi kamar yana aiki dare da rana. Kamfanin ba ya cikin kasuwar hannayen jari, amma da rahotonmu zai je banki neman bashi mai yawa. Na kai maganar wurin ogana, sai ya ce ƙwararrunmu ne suka yi aikin, ba hurumina ba ne in tono shi, kada ma in sa a fayil. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini aiki, kuma sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa girma. Ko dai ni ce na cika tsanani? Ko in ajiye aikin kawai in huta?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Ba ki cika tsanani ba, kuma kada ki ajiye aiki, aƙalla ba yanzu ba. Abin da kika gani a ƙarƙashin tamfol ɗin nan shi ne abin da ake biyan ki domin ki gani. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 36 ta ambaci kadarar da aka daina amfani da ita cikin alamomin da ke nuna wataƙila darajarta ta faɗi, kuma da zarar alamar ta bayyana dole a sake auna ƙimarta. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar akanta ma ya san wannan, balle oganki da ya tsufa a sana'ar.

To ki yi wa kanki wannan tambayar. Da a ce wani kamfani ne can daban ya rubuta takardar ƙiyasin, kika zo wa oga da hoton injuna a lulluɓe, me zai ce? Na rantse miki yaba miki zai yi, ya ce ki rubuta, ya kira darektan kuɗi na masana'antar tun kafin azahar. Injunan su ne dai, ƙurar ita ce dai. Abu ɗaya ne ya canza, tambarin da ke saman takardar naku ne. Wanda zai kira ya ce masa an yi kuskure ɗakinsa yana hawa ɗaya da na oga, wataƙila tare suka shiga aikin, kuma ribar ƙarshen shekara a tukunya ɗaya suke raba ta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari in ba ki labarin kaina, don kada ki ɗauka daga sama nake magana. Ina ƙaramin ma'aikaci aka tura ni wata ma'aikata in taimaka musu su tsara jadawalin lissafin kayan da ke sito a kwamfuta. Na yi kwana tara a kai, suka yi ta godiya. Shekara ta zagayo, sai ga ni cikin masu binciken littattafansu. Ina tsakar haɗa jimilla na ga lissafina bai yi daidai da nasu ba. Na bi layi-layi, ashe umarnin tarawar da na rubuta bara ya tsaya a layi na ɗari huɗu, su kuwa kayansu sun ƙaru har sun wuce nan, duk abin da ke ƙasa ba ya shiga jimilla. Har yau ina tuna yadda na zauna ina kallon allon, hannuna a kan linzami ya yi nauyi. Babu wanda ya ba ni cin hanci, babu wanda ya yi mini barazana. Amma cikin minti goma zuciyata ta kawo mini hujja kusan biyar da ke nuna bambancin ƙarami ne, ba sai an faɗa ba. Na faɗa daga baya, da yamma, bayan na gama kokawa da kaina. Tun ranar na daina gardama da masu cewa mutum ba ya duba aikin hannunsa da ido ɗaya da na baƙo.

Kundin ɗa'ar akantoci na duniya, wanda hukumar IESBA ke fitarwa, ya lissafa abubuwa biyar da ke barazana ga 'yancin mai bincike: son zuciya, duba aikin da kai ka yi, zama mai kare muradin wanda kake bincika, sabo, da tsoratarwa. A wasiƙarki na ƙirga huɗu ba tare da na wahala ba. Duba aikin kai ya fito fili. Son zuciya yana cikin kuɗin nan da ya ninka sau uku, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sabo yana cikin shekara shida. Tsoratarwa kuwa ke ce ta faɗo wa, ko da oga bai ambaci ƙarin girma da bakinsa ba, ai kin ji shi a jikinki, shi ya sa kika rubuta shi.

Sana'armu tana da wani abu mai ban mamaki tun asali. Kamfanin da ake bincika shi ke biyan mai bincike, amma rahoton ba dominsa ake rubutawa ba. Domin masu hannun jari ne, da masu bin bashi, da ma'aikacin bankin nan da bai taɓa taka masana'antar ba, wanda zai buɗe shafin kadarori ya ga adadi, ya ga sa hannunku a ƙasa, ya amince. Wannan karkatar da ma tana nan ko babu aikin shawara. Idan aka ɗora mata wani cinikin da ya fi binciken kawo kuɗi, sai binciken ya koma ƙofar shiga kawai, a karɓe shi da araha don a samu damar sayar da sauran. Daga nan kuma duk wata tambaya mai zafi da za ki yi wa darektan kuɗi, ga mutumin da zai sa hannu a kwangilar baɗi kike yi wa ita.

Duniya ta koyi wannan da tsada. A shekarar 2000 kamfanin makamashi na Enron a Amurka ya biya masu bincikensa, Arthur Andersen, kusan dala miliyan 25 kuɗin bincike, da kusan dala miliyan 27 na shawara, haraji da sauran ayyuka. A Disamban 2001 Enron ya durƙushe, aka gano basussukan da aka ɓoye a wasu kamfanoni na gefe. A Yunin 2002 kotu ta samu Andersen da laifin hana shari'a aikinta saboda lalata takardu. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma a lokacin babu sauran abin da za a ceta: kamfanin da ke da ma'aikata kusan 85,000 a duniya ya riga ya watse, manyan kamfanonin bincike biyar suka koma huɗu, wato Deloitte, PwC, EY da KPMG. Ki lura da wani abu a nan, zan dawo kansa: abin da ya kai su gaban kotu shi ne yadda suka yi da fayil.

A 2002 majalisar Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley, ta hana mai bincike yi wa kamfanin da ke kasuwar hannayen jari wasu ayyuka muddin shi ke duba littattafansa. Cikin jerin akwai riƙe littattafan lissafi, da tsara ko kafa manhajar lissafin kuɗi, da ƙiyasin daraja, da binciken cikin gida, da aikin shugabanci, da aikin lauya. Ayyuka biyun da sashenku ya yi duk suna ciki. Sauran ayyukan da ba a hana ba, kamar na haraji, sai kwamitin binciken kuɗi na kamfanin ya amince tukuna. Tarayyar Turai ta yi nata dokar a 2014, ta fara aiki a 2016, da nata jerin haramtattun ayyuka, ta kuma sa iyaka: kuɗin ayyukan da ba na bincike ba kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin bincike na shekara uku da suka gabata. Ku kuna wajen kashi 300. A Birtaniya, bayan rushewar kamfanin gine-gine na Carillion a Janairun 2018, hukumar da ke sa ido ta umarci manyan huɗun su ware sashen bincike daga sauran harkokinsu.

Oganki zai ce miki duk waɗannan na manyan kamfanoni ne masu sayar da hannun jari ga jama'a, naku kuwa ba ya ciki. Da gaskiyarsa, rabi. Ga kamfani irin wannan, kundin IESBA ya fi sassauci. Ana iya taimaka masa kafa manhaja, matuƙar shugabanninsa ne ke yanke shawara suna ɗaukar alhakin tsarin, kuma waɗanda suka kafa ba su ne ke bincike ba. Amma a kan ƙiyasin daraja kundin ya ja layi ko ga ƙaramin kamfani: idan ƙiyasin ya dogara sosai a kan hasashe da ra'ayin mai yinsa, kuma adadin yana da nauyi a bayanan kuɗi, to mai bincike ba ya yin sa. Injuna da gine-ginen masana'anta su ne ƙashin bayan kadarorinta, kuma ƙiyasinsu cike yake da hasashe: shekara nawa injin zai ƙara yi, nawa zai riƙa samarwa, wa zai saya idan an sa shi a kasuwa. Saboda haka matsalar ta girmi layin injuna ɗaya. Akwai tambayar ko ya ma halatta ofishinku ya karɓi aikin tun farko, ya kuma ci gaba da bincike. Ina zaton oga ya san da wannan tambayar, kuma ita ce take sa shi gudun tamfol ɗin. Ki duba dokar ƙasarki da ta ƙungiyar akantocin da kike ciki, domin wasu sun fi kundin na duniya tsauri.

Ba na cikin masu ganin kowane aikin shawara haramun ne. Ofishin da ya taya kamfani lissafin haraji yakan san lungunansa, binciken ya fi kyau saboda haka. Ƙananan kamfanoni da yawa ba su da halin ɗaukar ofisoshi uku, kuma malaman jami'a da suka yi nazarin alƙaluma sun sha bamban a kan ko yawan kuɗin shawara kullum yana ɓata bincike. Amma wannan muhawara ce ta taro. Ke ba alƙaluman kamfanoni dubu ne a gabanki ba, inji ne a kashe da takarda mai cewa yana aiki. Ban da haka, 'yancin mai bincike fuska biyu gare shi a ƙa'ida, na zuci da na zahiri. Ko da zuciyar oga fes take, ki ɗauko ma'aikacin bankin nan, ki gaya masa wanda ya yi wa injunan kuɗi da wanda ya tabbatar da kuɗin ofishi ɗaya suke, ki ga yadda fuskarsa za ta yi.

Yanzu ga abin yi.

Ki rubuta. Umarnin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne na kada ki sa a fayil. Oga yana da ikon ya saɓa miki a kan girman kuskuren, shi ne mai sa hannu, kuma mai yiwuwa yana da bayanin da ke ba ki da shi. Ba shi da ikon ya ce abin da kika gani bai faru ba. Ƙa'idojin bincike sun wajabta a tara duk kuskuren da aka samu in ba wanda ƙanƙantarsa ta fito fili ba, a kuma rubuta muhimman al'amura da yadda aka warware su. Don haka ki buɗe takardar aiki: ranar da kika je, abin da kika gani, muƙamin wanda kika tambaya da abin da ya ce. Kada ki tsaya a bakin mai kula da wuri, domin gobe yana iya cewa ba haka ya faɗa ba. Ki nemi rajistar kayan da kowane layi ya samar wata-wata, da littafin gyaran injuna, da lissafin wutar da sashen ya sha. Inji da ke kashe ba ya shan wuta. Sannan ki fitar da adadi: nawa aka rubuta wa layin a littafi, kuma idan an rage shi, yaya zai taɓa riba da jimillar kadara, idan aka gwada da ma'aunin girman kuskure da kuka tsayar tun farkon aikin. Kada ki sa wata kalma ta zargi. Kada kuma ki taɓa goge ko sauya kwanan wata a wata takarda, ko wa ya ce ki yi. Andersen ya ishe ki misali.

Daga nan ki koma wurin oga, ku biyu, ƙofa a rufe. Tunda kin ce mutumin kirki ne, ki ba shi hanyar da zai sauko ba tare da ya ji kunya ba. Akwai tambayar da za ta iya buɗe masa ita: shin masu ƙiyasin sun san layin a kashe yake? Sau da yawa mai ƙiyasi yana aiki ne da jerin kadarori da bayanan da shugabannin kamfani suka ba shi. Idan ba a gaya musu ba, to ba abokan aikinku ne suka yi sakaci su kaɗai ba, an ba su bayani ne da gibi, kuma wannan wata magana ce da ta fi ta farko nauyi, domin ta shafi amanar shugabannin da kuke dogara da maganarsu a sauran binciken. Idan kuwa sun sani, to su kawo hujjarsu a rubuce, wataƙila akwai kwangilar da za ta sa a tayar da layin nan da wata biyu. A kawo ta a gani.

Idan ya dage, ofishin bincike na ƙwarai yana da hanyar warware saɓani tsakanin ma'aikata, kuma ƙa'ida ta ce ba a sa kwanan wata a rahoto sai an warware. Akwai babban jami'in da ke kula da ɗa'a da 'yancin ma'aikata, ko wanda aka naɗa ya sake duba ingancin aikin kafin a fitar. Ki gaya wa oga da bakinki cewa za ki kai maganar can, kada ya ji a bakin wani. Idan ofishin ƙarami ne babu irin wannan kujera, ƙungiyar akantocinki tana ba mambobi shawara a asirce. Abin da ba za ki yi ba shi ne ɗaukar waya ki kira banki, ko ki ba ƙawa labari, ko ki saki hoton a intanet. Sirrin wanda ake bincika amana ce a wuyanki, fitar da shi waje yana da nasa sharuɗɗa, kuma ba a taka wannan matakin sai da shawarar lauya.

Ki kuma kula da inda kike sa hannu. A takardar aiki akwai gurbin wanda ya shirya da gurbin wanda ya duba. Idan kika sa baƙaƙen sunanki a ƙarƙashin jumlar da ke cewa ba a ga alamar faɗuwar daraja ba, alhali kin ɗaga tamfol da hannunki, to ranar da bashin ya ƙi biyuwa, lauyoyin banki suka nemi fayil, sunanki za su fara gani. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Lasisin da kika sha wuya kika samu naki ne, ba na ofis ba.

Maganar ƙarin girma ba zan yi miki ƙarya ba, yana iya jinkirta. Na ga waɗanda aka riƙa yi wa kallon masu taurin kai na shekara ɗaya ko biyu. Na kuma ga ogan da ya yi fushi ranar Litinin, ya kwana biyu yana juyayi, ranar Alhamis ya kira darektan kuɗi da kansa, domin shi ma ya san sunan wa ke ƙasan rahoton. Ki ba naki wannan damar. Ajiye aiki yana da lokacinsa: idan kin bi duk matakan nan, manyan ofishin suka ga hujja suka zaɓi rufa-rufa, suka kuma nemi ki sa hannu a kai. A nan kam sai ki nemi a cire ki daga aikin a rubuce, ki fara neman wani wuri a natse. Fita yau kuwa, kafin ki rubuta komai, sauƙaƙa musu ne kawai, wani za a kawo ya cike gurbin, shi kuma ba lallai ya zagaya bayan masana'anta ba.

Idan kin shiga wurinsa, ki tafi da takarda ɗaya tak, mai ɗauke da adadin wutar watanni goma sha huɗun da darajar da aka rubuta wa layin. Ki ajiye masa a tebur, ki ce, "Yallaɓai, kai ka koya mini cewa abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba. Na rubuta. Ina so ka duba kafin in kai wa mai duba inganci ranar Laraba." Sai ki yi shiru, ki bar shi ya karanta.